Gidan Burodin da Ba a Taɓa Gasa Burodi a Cikinsa Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da na ɓoye tun kafin bakina ya iya faɗarsa. Sunana Habibu. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Sakandare na gama da ƙyar a Kano, daga nan na koyi aikin tayil, shi ne sana'ata har yau. Abin da zan rubuta laifina ne, kuma ba ni na zaɓi rubuta shi ba. Mai masaukina Alhaji Bawa ne ya ce tunda bakina ya ɓata tarihin wani gini, sai hannuna ya gyara.

A bayan matata na zo Ingila. Rukayya ce ta sami gurbin digiri na uku a Manchester, gwamnati ta ɗauki nauyinta, ni kuma aka rubuta ni a takarda a matsayin wanda ya biyo ta. 'Yarmu Nana muka baro wurin mahaifiyata. Ɗaki ɗaya muka samu a Fallowfield, a wani gida da muke haɗa kicin da ɗalibai huɗu. Rukayya takan fita da safe ta hau bas zuwa Oxford Road inda jami'ar take, ni in zauna a bakin gado ina kallon ruwa yana bin gilashin taga, ina buɗe hoton Nana a waya ina rufewa.

Ba sanyi ne ya fi ba ni tsoro ba, Turanci ne. Wanda na sani na allon makaranta ne da na 'yan kwangila, a nan kuwa mutane haɗiye rabin kalma suke yi. Ranar da na fara hawa bas ni kaɗai, direba ya tambaye ni wani abu sau uku, mutane sun yi layi a bayana, wani yana tsaki. Na ce yes, na yi murmushi, ya ɗaga kafaɗa ya bar ni na wuce. Tun daga ranar na riƙe wannan dabara. Duk abin da aka faɗa mini, yes da murmushi. Idan waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai in kife ta. Idan aka zuro wasiƙar hukuma a ambulan mai ruwan ƙasa ta ramin ƙofa, ba na taɓa ta sai Rukayya ta dawo ta karanta.

Ga kuma girman kai. Abokan karatun Rukayya sukan zo gaisuwa ranar Lahadi, wannan dakta, wancan yana shirin zama dakta. Da ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni aikina a gida, sai na ji bakina ya ce injiniyan gine-gine. Rukayya tana zuba shayi a lokacin. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ta ci gaba.

A masallaci na haɗu da wani ɗan garinmu, ba zan faɗi sunansa ba. Ya kira ni ɗan'uwa, ya saya mini abinci, ya ce zai sama mini aiki a wurin wankin mota. Ya ɗauki hoton takardun zamana, ya kawo wata takarda ya karanta mini da sauri, na ce yes na sa hannu. Aiki bai zo ba. Bayan wata biyu wasiƙa ta zo, Rukayya ta karanta a tsaye. Ashe wani mutum daban ne yake aiki da sunana a wani gari. Ta ce abin zai iya taɓa zamanta da karatunta gaba ɗaya. Sati uku muna zirga-zirga a ofishin masu ba ɗalibai shawara kafin a wanke mu, kuma duk tsawon lokacin ko jiniyar motar asibiti na ji sai in ɗauka ni aka zo kamawa.

Ranar da aka gama, ta ce mini a hankali ba laifi ba ne mutum ya ce bai ji ba a maimaita masa. Gaskiya ta faɗa, ni kuwa na ɗauke ta raini. Na yi kwana biyu ban kula ta ba. Da na ji ana cewa Hausawan Birmingham suna neman mai aikin tayil, na haɗa jakata na hau doguwar bas, ko sallamar kirki ban yi mata ba.

A unguwar Lozells na sauka, a shagon Alhaji Bawa. Mutumin Kumasi ne, ya daɗe a ƙasar har gemunsa ya yi fari a cikinta. Doya yake sayarwa da garin rogo da manja da busasshen kifi. Hausarsa irin ta Gana ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Bai tambaye ni komai ba sai da na ci tuwon zafi na ƙoshi, sannan ya hau da ni wani ɗan ɗaki a saman shagon ya miƙa mini makulli. Tun da na sauka a ƙasar ban yi barci irin na wannan ɗakin ba. Amma ko shi, da ya tambaye ni, sai na ce masa ni injiniya ne, Turanci kuwa ba ni da matsala da shi.

Ginin da zan yi wa aiki yana Sparkbrook, a wani lungu bayan Stratford Road. Bas biyu nake hawa kafin in isa. Tsohon gini ne na jan bulo, siriri mai hawa uku, da ƙatuwar ƙofa mai baka wadda amalanke zai iya shiga, da bututun hayaƙi da ya gutsure daga sama. Jama'armu, iyalan Gana da ɗaliban arewacin Najeriya, sun daɗe suna sallar Juma'a a masallatan da ba sa jin yaren huɗuba. Suna son wurin da za a yi huɗuba da Hausa, yara kuma su yi karatu. Takardun haya sun nuna wurin ɗinki ne a baya, kafin nan ma'ajiyar tayoyi. Abin da ya gabaci wannan babu wanda ya sani.

Kuma sanin yana da muhimmanci saboda Malam Inuwa. Dattijo ne mutumin Ankara ta Gana, ya yi tuƙin tasi har gwiwarsa ta gaza, shi yake koya wa yaran jama'a Alƙur'ani a falon gidansa. Shekara guda kafin zuwana an sami wani gini mai kyau, sai aka gano tsohuwar mashaya ce. Malam ya rantse a gaban mutane ba zai sa goshinsa inda aka zubar da giya ba. Wasu suka bi shi, wasu suka ce ya cika tsanani, har aka daina gaisawa, da ƙyar Alhaji ya haɗa kan mutane da barin wancan ginin. To da Malam ya leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa na sabon wurin, ya ga magudanai a daɓe, da zobban ƙarfe a bango, da wata rijiya da aka rufe da faifan ƙarfe, sai ya ce shi bai taɓa ganin telan da yake buƙatar rijiya ba. Alhaji ya ce tunda ni nake wuni a wurin, ga Turanci, in tambayi tsofaffin lungun.

Gidan da yake kallon ƙofar ginin na wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Dorin, ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune. Tun satin farko ta fara kawo mini shayi da hantsi. Da ta ga bayan hannuwana sun tsattsage saboda siminti da sanyi, ta koma ta ɗauko safar hannu ta marigayi mijinta ta sa mini da kanta. Ita na tambaya.

Fuskarta ta yi haske, ta kama magana ba tsayawa, tana nuna sama tana nuna ƙasa. A cikin kalma goma ina tsintar ɗaya. Na ji kakanta. Na ji hatsi, na ji dawakai, na ji ƙamshi yana cika lungu da sassafe. Na ji yis, wanda na san da shi ake kwaɓin burodi da fanke. Sannan akwai wata kalma da ta yi ta maimaitawa tana dafa bulon, a kunnena kamar "bururi". Na haɗa hatsi da yis da ƙamshi da bututun hayaƙi, na ce a raina ai burodi take cewa da bakinsu na Turawa. Ba zan yi ƙarya a nan ba, na ɗan ji shakka, don ban ga wurin tanderu ba a ginin. Da fensir a kunnena, da kwalin tayil a gabana, ba abin da zai hana in ce ta rubuta mini. Na ce yes, na yi murmushi.

Da yamma a shago na ba da labari, har da ƙari. Malam Inuwa yana zaune a kan buhun shinkafa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Ka tabbata, Habibu?"

"Da kunnena na ji, Allah gafarta Malam. Jikar mai wurin ce ta faɗa mini."

Ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Ya ce wurin da aka ciyar da mutane shi ya dace a yi sujada a cikinsa. Alhaji ya yi dariya ya ce ashe shi ya sa injiniya yake ƙiba tun da ya fara aikin. Kafin sati ya zagayo kowa Gidan Burodi yake cewa. Washegarin ranar da na ba da labarin kuwa Malam ya hau bas da sandarsa ya zo, ya shimfiɗa darduma a kan simintin da ban rufe ba, ya yi raka'a biyu na godiya.

Bayan kamar sati uku ina share ɗakin ƙasa, na ɓalle wani ruɓaɓɓen katako, sai ga kwalabe jere a bayansa, masu kauri, ruwan ƙasa, da rubutu a jikin gilashin. Na ɗauki ɗaya na kai wa Dorin don in faranta mata. Ta riƙe ta kamar jariri, ta ja ni zuwa falonta, ta ɗauko akwatin hotuna. Ga ƙofar nan mai baka, ga dawakai biyu, ga amalanke cike da gangunan katako. Ga maza da gaban riga na fata. Ga wani mai gashin baki ya ɗaga ƙaton kofi, kumfa tana zuba ta gefensa. Ta nuna shi ta ce kakanta ne, ta kai hannu baki ta kwatanta kurɓa, ta yi dariya.

Na ajiye kofin shayin da ke hannuna. A saman ƙofar cikin hoton akwai manyan haruffa, sunan gidansu da wata kalma. Na ɗauki hotonta da waya, na fito lungu, na aika wa Rukayya, na kira ta. Rabona da kiranta da kaina tun barina Manchester.

"Baban Nana, lafiya? Wannan hoton na mene ne?"

"Kalmar ƙarshen nan, me take nufi?"

"Brewery? Inda ake dafa giya ke nan. Kamfanin giya."

Na jingina da bango. Na gaya mata komai. Da ta ji zancen burodi dariya ta kufce mata, sannan ta katse ta da ta ji numfashina. Ta ce kuskure ne kowa zai iya yi, in hau bas yanzu in je in faɗa wa Alhaji kafin rana ta faɗi. Na ce to.

Ban je ba. Daga nan ne kuskure ya ƙare, laifi ya fara. Na tuna ɗakin saman shago, da tuwon da ake aje mini, da yadda ake kirana injiniya. Na tuna an ce jama'a ta kusa tarwatsewa a kan irin wannan. Na gaya wa kaina don haɗin kan Musulmi zan yi shiru, alhali na san kaina nake ji.

Na zuba kwalaben a buhu, na ɗauka zuwa wurin zubar da gilashi, lungu biyu daga nan. Suna ta ƙara a bayana. Wani mai shago ɗan Pakistan da muke gaisawa kullum yana tsaye a ƙofarsa, ya dubi buhun, ya dube ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na dawo na ɗaga kai na lura haruffan nan suna nan a saman ƙofa, sun dushe amma mai ido zai karanta. Na hau tsani na shafe su da fenti har shafi uku, na ce wa Alhaji maganin damshi ne.

Saura Dorin. Ranar Asabar matan jama'a sukan zo wanke bene, da yawansu a gidajen kula da tsofaffi suke aiki, Turancinsu kamar ruwa. Duk sanda tsohuwar ta buɗe ƙofarta sai in yi sauri in tare ta a tsakiyar lungu in karɓi shayin. Wata rana ta ce mini ta ji za a buɗe wurin ranar Juma'a mai zuwa, tana so ta zo da hotunan ta nuna wa mutanena. Wannan karon na fahimci kowace kalma. Kuma Turancin da kullum yake gudu na, ranar ya ishe ni. Na ce mata ba a yarda ba, addininmu ya hana wanda ba Musulmi ba ya shiga, ko kusa da ƙofa. Na faɗa ina sanye da safar mijinta. Ta dube ni, ta ce ta gane, ta juya a hankali. Daga ranar shayi bai sake zuwa ba, labulenta ma a sake yake wuni.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Abinci ya daina shiga. Idan wani ya ce Gidan Burodi sai in ji kamar an taɓa ni da ƙarfe mai sanyi. Idan Alhaji ya kira sunana daga ƙasa, sai na tsaya na saurari muryar, ko ta canja, kafin in sauka. Na lalata tayil bakwai a wuni ɗaya, ni da nake shekara ban fasa ɗaya ba. A salla nakan manta raka'a ta nawa nake. Rukayya ta kira sau da yawa, na koma kife waya.

Ranar Laraba da azahar Malam Inuwa ya zo ginin da leda a hannu. Farar jallabiya ce sabuwa. Ya ce sun yi shawara, tunda gumina ne a daɓen nan, ni zan yi kiran sallar Juma'ar farko. Ya ce in tsaya in gwada ya ji muryata. Na fuskanci alƙibla a cikin zauren da babu kowa, na sa yatsu a kunne. Kabbarori suka fita lafiya. Da na zo kalmar shahada, inda mutum yake cewa ina shaidawa, maƙogwarona ya rufe. Na sake gwadawa, iska kawai ta fito. Malam ya dafa kafaɗata ya ce ƙurar siminti ce, in sha zuma da lemon tsami.

Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga shago da jallabiyar a naɗe. Alhaji yana auna wa wata mata doya, na jira ta fita. Malam yana kan buhunsa, ga kuma Dakta Mustafa, wani mai bincike ɗan Zariya wanda zai yi limanci. Na durƙusa a tsakanin kwalaye. Na ajiye jallabiyar a gaban Malam. Na faɗi komai, tun daga injiniya har zuwa fenti. Ban ɗaga kai ba.



"Yaushe ka sani?" Malam ya tambaya.

"Kwana ashirin da uku ke nan, Allah gafarta Malam."

"A cikin kwanakin nan sau nawa na zo na yi nafila kana kallona?"

"Sau huɗu."

"Kai ka shimfiɗa mini dardumar a na ƙarshe."

Dakta Mustafa ya yi magana mai tsawo cikin ladabi. Ya ce an yi shekaru masu yawa rabon wurin da giya, an wanke, an rufe da sabon daɓe, ƙasa tana tsarkaka, sallar Malam ta yi, kuma rantsuwa tana da kaffara. Malam ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce duk ya san wannan, da an zo masa da gaskiya tun farko wataƙila da ya zauna an duba littafi tare. Amma shi an ɗauke shi kamar jinjirin da ake ɓoye wa magani a cikin koko, kuma ba zai iya tsayawa a wurin ba tare da ya tuna ba. Ya dogara sandarsa ya tashi. Bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Jallabiyar ya bari a ƙasa.

Alhaji ya miƙo hannu, na ɗauka mari ne, na runtse ido. Makullan ginin yake nema. Na ciro na ba shi, na haɗa da na ɗaki. Ya ware na ɗakin ya jefo mini.

"Tsohuwan nan, shi me ya yi maka?"

"Ba komai, Baba Alhaji. Alheri kawai."

"To ka kira matanka ya zo. Ku je tare, shi ya ji, kai ka rubuta."

An yi Juma'ar. Wani ne ya kira salla, ni ina sahun ƙarshe kusa da takalma. Gida biyar ba su zo ba, sun bi Malam.

Ranar Asabar Rukayya ta iso. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dai dubi yadda wandona yake zamewa ta kawar da kai. Muka ƙwanƙwasa ƙofar Dorin. Ta buɗe kaɗan, sarƙa tana maƙale. Na hana Rukayya magana, na faɗa da Turancina cewa ƙarya na yi mata, addinina bai hana ta ba, ni ne na ji tsoro. Ta daɗe tana kallona ta wannan 'yar kafar, har na fara jin ba za ta buɗe ba. Sannan ta zare sarƙar.

Ga abin da ta faɗa, Rukayya tana fassarawa ina rubutawa, duk inda ban gane ba na ce a maimaita. Kakanta daga ƙauye ya zo yana matashi, ya kama aiki wurin wani mai mashaya da yake dafa tasa giyar a bayan gida. Ya auri 'yar maigidan, ya gaji sana'ar, ya ƙara wa rijiyar zurfi saboda ruwanta mai kyau ne, sannan ya gina wannan ginin. Tsawonsa ba ado ba ne. Sama ake jan hatsi da igiya, a jiƙa shi da ruwan zafi, ruwan ya gangaro hawa na biyu a tafasa shi a tukwanen jan ƙarfe, ya sake gangarowa ya huce a sa yis, ya ƙare a ganguna a ɗakin ƙasa inda yake da sanyi. Wurin bai taɓa girma ba. Mashaya shida ko bakwai yake kai wa, iyakar inda dawakai biyu za su je su dawo, masu sha kuwa ma'aikatan masana'antun unguwar ne. Dusar da ta rage masu dabbobi ke kwashewa. Matan lungun sukan zo bakin ƙofa da kofuna a ɗiba musu yis su je su yi burodi a gida. Da Rukayya ta fassara wannan ta dube ni, amma ban karɓe shi a matsayin uzuri ba.

Lokacin yaƙin duniya na biyu bam ya faɗa lungun baya, shi ya gutsure bututun. Mutanen lungu a ɗakin ƙasan suke ɓuya a tsakanin ganguna, ita kanta an shiga da ita tana jaririya. Bayan yaƙi mahaifinta ya riƙe wurin, har wani babban kamfani ya saye shi. Ba ginin suke so ba, mashayun suke so. Cikin 'yan watanni suka rufe, aka sayar da dawakai, aka yanka tukwanen aka auna a matsayin tsohon ƙarfe. Mahaifinta, wanda ya yi rayuwarsa yana dafawa, ya koma sha, shi ne ajalinsa. Ta ce ita ko ɗigo ba ta taɓa kai wa bakinta ba. Daga baya masu taya suka zo suka tafi, masu ɗinki suka zo suka tafi, ginin ya yi shekaru a rufe tana kallonsa ta taga. Ba wani abu take so ba ranar buɗewa, so take ta ga mutane suna shiga ta ƙofar nan kamar da.

Juma'ar da ta biyo baya Alhaji ya sa aka aje mata kujera a wajen mata. Bayan salla ya zauna ya kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce dawakan sun sami kiwo.

Sunan bai goge ba. Har yau Gidan Burodi ake cewa, har a bakin waɗanda suka san gaskiya. Duk baƙon da ya tambayi dalilin sunan, Alhaji ba ya amsawa, sai ya nuna ni da haɓa. Kwanan baya wani sabon ɗalibi ɗan Gusau yana ɗaure takalmi ya ce shi har ƙamshin burodin yake ji a bango. Mutane suka kwashe da dariya, aka kira ni, na tsaya a gabansa na faɗa masa tun daga farko.

Malam Inuwa bai dawo ba. Gida biyu daga cikin biyar sun dawo, uku suna tare da shi, yaran jama'a kuma sun rabu gida biyu wajen karatu. Ba giyar da aka daina dafawa tun kafin a haife ni ce ta raba su ba, ni ne. Idan muka haɗu a Stratford Road ina yi masa sallama, yana amsawa cikakkiya, ba ya ƙara komai.

Allah ya yafe mini, ya yafe wa wanda ya karanta. Alhaji ya ce kwafin farko na wannan rubutu ba nasa ba ne, ba na masallaci ba ne, na Malam ne, kuma ba za a aika kowa ba. Gobe bayan azahar zan hau bas in kai masa har gida. Ban sani ba ko zai karɓa.